Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malamin da ya tambaye ni batun talabijin da na'urar faifai

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Tambayar da ka bugo waya ka yi mini a shirin rediyo na masu sana'ar hannu, lokaci ya ƙure kafin in ba ta haƙƙinta, shi ya sa na ga gara in rubuto a inda kowa zai gani. Ka ce tsohuwar talabijin ɗinka mai ƙusumbi ta mutu, ka ɗauki adashi, kana son shafaffiya mai hoto tangaran, da na'urar kunna faifai, domin kana da kwali guda na faya-fayan tafsiri da tsofaffin finafinan Hausa da na Indiya. Ka ce kuma wani mai shago ya gaya maka in ba talabijin 4K mai inci 55 da na'urar faifan Blu-ray ka saya ba, ka zubar da kuɗinka.

Mai shagon nan kayansa yake son sayarwa, ba laifi, amma lissafinsa ba naka ba ne. Talabijin ba ta ƙirƙirar kyan hoto, abin da aka ba ta shi take nunawa. Saboda haka kafin ka taka kasuwa, fara duba abin da za ka riƙa kallo.

Hoto ɗigo-ɗigo ne ƙanana da aka jera. Faifan VCD, wanda da yawa daga tsofaffin finafinan da aka sayar a Ƙofar Wambai a kansa suke, ɗigonsa 352 ne a kwance, 288 a tsaye, wato dubu ɗari da 'yan kai. DVD yana da 720 da 576, dubu ɗari huɗu da wani abu. Talabijin da aka rubuta wa HD Ready yawanci 1366 da 768 ce, kimanin miliyan ɗaya. Full HD 1920 da 1080, miliyan biyu. Ita kuwa 4K 3840 da 2160, sama da miliyan takwas. To ka ɗauko faifan VCD ka sa a 4K mai inci 55, dole ta ja wannan ɗan hoton ta baza shi ya cika gilashin, kamar a ɗauki hoton fasfo a buɗa shi ya zama fosta. Fuskar malamin da kake gani sarai a tsohuwar talabijin sai ta koma dishi-dishi, ka ɗauka an sayar maka da jabu, alhali faifan ne iyakar ƙarfinsa ke nan. Haka ma faya-fayan nan da ake cusa fim goma ko ashirin a ciki: faifan DVD gigabait 4.7 yake ɗauka, an matse kowane fim har ya rasa kamanninsa, babu na'urar da za ta dawo da abin da aka zubar.

Ga kuma nisan zama. A falo irin namu, inda tsakanin kujera da bango bai wuce mita biyu da rabi zuwa uku ba, ido ba ya bambance 4K da Full HD a gilashi mai inci 43. Wanda zai more 4K shi ne mai babban gilashi da intanet mai ƙarfi, kuma Netflix da kansu sun ce awa ɗaya ta 4K tana iya cin gigabait 7 na data. Malamin makaranta da ya tara kuɗi ta adashi, ina ruwansa da wannan?

Abin da zan ce ka saya shi ne LED, wato shafaffiya mai ƙananan fitilu a bayan gilashi, mai inci 40 ko 43, Full HD. In kuɗin bai kai ba, sauko inci 32, ko da HD Ready ce, don a wannan girman da wuya ka ga bambancin. Ka tafi da tef ɗin tela a aljihu. Ana auna inci ne daga kusurwa zuwa kusurwa, gilashin kaɗai ban da baki: inci 32 santimita 81 ne, 43 kuma santimita 109. Akwai kwalayen da ke faɗin abin da babu shi a ciki. Ka tabbata tana da ramin HDMI, inda ake soka wayar da ke ɗauko hoton HD da sauti tare, aƙalla biyu, ɗaya na dikoda ɗaya na faifai, da ramin filashi, da mafitar sauti, domin shafaffun nan muryarsu siririya ce, wata rana za ka so ka haɗa sifika. In da eriya kake kallo, nemi wadda aka rubuta wa DVB-T2, shi ne tsarin dijital da Najeriya ta ɗauka, wanda gwamnati ta fara ƙaddamarwa a Jos a 2016. In kuwa dikoda gare ka, ta StarTimes ko GOtv ko ta dish, duba bayanta: muddin da wayoyin nan uku take haɗuwa, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba za ka taɓa ganin HD ba ko talabijin ta nawa ce.

Smart kuwa, wato talabijin mai shiga intanet da kanta, in bambancin kuɗin da yawa, bar ta. Masu arahar ƙwaƙwalwarsu kaɗan ce, bayan ɗan lokaci sai nauyi da maƙalewa. Ranar da ka so kallon YouTube a babban gilashi, akwai ɗan akwatin Android da ake soka wa a HDMI, in ya tsufa shi kaɗai za ka canza.

Yanzu batun faifai. Blu-ray ya fito a 2006, yana ɗaukar gigabait 25 zuwa 50, hotonsa Full HD ne na gaske, kuma na'urarsa tana kunna DVD. Abu ne mai kyau, amma faifan nasa a ina za ka samo? Kasuwarmu ta tsallake shi gaba ɗaya: daga VCD da DVD sai muka faɗa wajen masu tura fim a waya da filashi, sai YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Ko ka yi odarsa daga waje akwai tarkon shiyya. An raba duniya gida uku a Blu-ray: Amurka A, Afirka da Turai B, Indiya C. Faifan Indiya da aka kulle ba zai buɗe a na'urar shiyyarmu ba. A DVD kam mun yi sa'a, mu da Indiya duk shiyya ta 5 muke, kuma yawancin na'urorin da ke kasuwarmu ba su ma damu da shiyya ba.

Don haka ka sayi DVD mai sauƙin kuɗi, amma mai ramin HDMI. Ka je da faya-fayanka uku, VCD ɗaya, DVD ɗaya, da wanda ya fi kowanne ƙarzuwa, a kunna su a gabanka. Na'urar da ta karanta mai ƙarzuwar ba tare da tsalle ba, idonta yana da kyau. Kada ramin filashin da ke jikinta ya ruɗe ka, da yawansu ba sa buɗe finafinan HD da ake turawa yanzu. Filashi a jikin talabijin ake soka shi. Wata shawara da ba ka tambaya ba: faya-fayan tafsirin nan, da na walimar sauka ko na biki in akwai, ka kai a juye maka su a filashi ko hard disk, wato babbar ma'ajiyar kwamfuta. Faifan da aka buga a kwamfuta zafi da ƙura suna cin sa, kuma wasu karatuttukan ba lallai ka sake samunsu ba.

Inda na fi so ka buɗe kunne shi ne wuta, don mafi yawan talabijin da ake kawo mana gyara ba tsufa ya kashe su ba. Wutar NEPA ce ta dawo da ƙarfi ta ƙona bod, wato allon lantarkin da ke cikin talabijin, ko janareta ya yi haki, ko tsawa ta biyo wayar dish da damina. Kafin ka yi ciniki, ware kuɗin gad, ɗan abin nan da ke yanke wuta in ta yi sama ko ƙasa, ya jira 'yan mintuna kafin ya saki. In unguwarku wutar kullum rauni gare ta, ƙara da sitabilaiza. Gara ka rage inci ka sayi waɗannan da ka ƙure kuɗin a gilashi. In hadari ya haɗo, zare soket da wayar dish duka biyu. Mai sola kuma ya duba wat a takardar bayanta: LED mai inci 32 ba ta cika wuce wat 50 ba, akwai ma masu aiki da batir kai tsaye a bolt 12.

Wannan ya kawo mu ga na hannu. Za ka ga manya-manya 'yan tokumbo a farashin da zai sa ka haɗiyi yawu. Wasu filasma ce ta ainihi, wato tsohon samfurin shafaffiyar talabijin, wadda Panasonic da Samsung da LG suka daina ƙerawa tun 2014. Hotonta da kyau, ba na musu, amma mai inci 42 tana iya shan wat 200 ko fiye, tana zafi kamar dutsen guga ba a magana, kuma kayan gyaranta sun yi wuya. Waɗanda aka kawo daga Amurka kuma an yi su ne don bolt 120, mu kuwa 230 muke, sannan ba sa kama tashoshin eriyarmu. In dole sai na hannu, je da mai gyaran da ka yarda da shi.

Ko sabuwa ce, a buɗe kwali a kunna a shago. Sa hoto fari fat da baƙi ƙirin a filashi ka tafi da su. A farin za ka ga mataccen ɗigo ko layi ko tabo mai duhu, a baƙin za ka ga inda haske ke yoyo ta gefe. Lambar da ke bayan talabijin ta zo daidai da ta kwali da ta katin garanti, a kuma rubuta ta a rasit. Sunan da aka manna a gaba ba hujja ba ne. Kunna ka ga tambarin da zai fito, ka shiga saiti ka karanta samfurin. Hisense, LG, TCL, Samsung, duk wanda kuɗinka ya kai, muddin dillalin yana da wurin gyara da za ka iya zuwa. Farashi yana bin dala, don haka zagaya shago uku ko huɗu a rana guda, a Sabon Gari ko Faransa Rod in Kano za ka shigo.

In ka kai gida, shiga saiti ka cire ta daga yanayin shago, ka rage hasken baya zuwa rabi ko sama kaɗan. Fitilun da ke bayan gilashi su ne ke fara mutuwa in an bar su a ƙure, sai ka ji murya babu hoto. Kuma ka kafe ta a bango inda hannun yara da ƙwallonsu ba sa kaiwa, ka bar ɗan tazara iska ta riƙa ratsawa, domin gilashi in ya fashe garanti ba ya biya, kuɗin canza shi kuma ya kusa na sabuwa.

A gaida iyali. Allah ya sa a saya a sa'a.

Naka,
Mai gyaran talabijin, Kano