Idan manhajar SEM ta yi gargaɗi, a binciki dalili kafin a danne shi

Edita, assalamu alaikum.

Muna neman fili a jaridarka don jan hankalin ɗaliban digiri na biyu da na uku, da malaman da ke duba ayyukansu. Ɗalibi zai zana tsarin SEM (Structural Equation Modeling, hanyar ƙididdiga ta gwada alaƙa tsakanin abubuwan da ake aunawa) a manhajar AMOS ko lavaan ko Mplus, manhaja ta kasa kammala ƙiyasi, ko ta fito da warwatsuwar kuskure (error variance) ƙasa da sifili, abin da ba ya yiwuwa a zahiri. Sai a ce masa ya ƙara yawan zagayen lissafi, ko ya ɗaure adadin a 0.001 ya wuce. Wannan ɗaure miki ne ba tare da an wanke shi ba, kuma abin yana damun mu ƙwarai.

A fara da alƙaluman kansu, domin galibi can matsalar take. Idan an sa 99 a gurbin amsar da ba a bayar ba, kuma ba a sanar da manhaja ba, za ta ɗauke shi amsa ce ta gaske a tambayar da iyakarta 5. Tambayoyin da aka yi da korewa, irin su "ba na gamsuwa da albashina", sai an juya makinsu, 5 ya koma 1. Sannan kuɗin shiga: idan an shigar da shi da naira kusa da tambayoyin 1 zuwa 5, warwatsuwarsa za ta ninka tasu sau miliyoyi, lissafi ya rikice. lavaan kan yi gargaɗi da zarar tazarar ta kai ninki 1000. A raba kuɗin da 100,000, shi ke nan.

Daga nan a ƙirga. Tambayoyi 3 a ƙarƙashin ɓoyayyar sifa guda (latent variable, abin da ba a iya aunawa kai tsaye sai ta hanyar tambayoyi) suna ba da bayanai 6, wato warwatsuwa 3 da alaƙa 3 a tsakaninsu, abubuwan da za a ƙiyasta ma 6 ne, don haka babu rarar da za a gwada dacewar tsarin da ita. Tambayoyi 2 kuwa bayanai 3 ne kacal ga abubuwa 4, ba za su tsaya su kaɗai ba. Kowace ɓoyayyar sifa kuma sai an ba ta ma'auni: a ɗaure nauyin tambaya ɗaya (loading, ƙarfin alaƙarta da sifar) a 1, ko warwatsuwar sifar a 1. Masu AMOS kan goge tambayar da ke ɗauke da wannan 1 ɗin su manta mayar da shi kan wata.

Warwatsuwa ƙasa da sifili, wadda ake kira matsalar Heywood, ita ce ta fi bukatar natsuwa. A duba tazarar amincinta (confidence interval), wato iyakokin da ake sa ran ainihin adadin yana tsakaninsu. In ta haɗa da sifili, mai yiwuwa ƙarancin masu amsa ne ya jawo, kuma ana iya ɗaure ta a sifili muddin an bayyana haka a rahoto. In ba ta haɗa ba, tsarin ne ke da aibi: ko tambayar ba ta wannan sifar ba ce, ko sifofi biyu abu ɗaya ne aka raba. Alaƙar da ta haura 0.90 tsakanin sifofi biyu ta isa shaida, a haɗe su.

Saƙon "not positive definite" yakan fito ne idan an shigar da jimillar maki tare da tambayoyin da suka haɗu suka ba da ita, ko an yi lissafin kowace tambayoyi biyu da waɗanda suka amsa su kawai (pairwise deletion). FIML, hanyar ƙiyasi mai amfani da duk amsoshin da aka samu, ya fi dacewa da giɓin amsoshi.

Game da yawan mutane, Bentler da Chou sun ba da shawara a 1987 cewa a samu aƙalla mutum 5 ga kowane abin da za a ƙiyasta. Tsari mai abubuwa 60 na son mutum 300. Idan zaɓin amsa bai wuce 4 ba, a yi amfani da WLSMV, hanyar ƙiyasi da aka tsara don irin waɗannan amsoshi. Mplus da lavaan suna da shi, AMOS ba ta da shi.

Wassalam.

Wasu malaman ƙididdiga