A Riƙe Hannun Sababbin Alƙalan Wasa Kafin Su Ajiye Usur

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da abokan aikinka, musamman masu kula da shafin wasanni, wanda ba ya wuce ni. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan wasu yara da ba a tunawa da su sai ranar da aka zage su ko aka jefe su, wato sababbin alƙalan wasan ƙwallon ƙafa, waɗanda a fili muke ce wa rafali.

Na daɗe ina busa usur a gasannin unguwa da na makarantu a nan Kano, har gwiwa ta zaunar da ni. Kwanakin baya da la'asar na tsaya kallon wani wasa a irin filayen nan namu da ba katanga ba ciyawa, an ja layi da toka. Alƙalin yaro ne da bai fi shekara 19 ba, rigarsa sabuwa fil. Kafin hutun rabin lokaci ya yi ƙoƙari ƙwarai. Da aka dawo, ɗan baya ya kwashe ƙafar ɗan gaba a gaban gola, yaron ya busa fenareti, kuma wallahi daidai ya busa. Kafin ka ce kwabo 'yan wasa sun yi masa zobe, 'yan kallo sun kwararo cikin fili, wannan na jan rigarsa, wancan na zagin iyayensa. Ya waiga dama, ya waiga hagu, bai ga fuska ɗaya da ya sani ba. Sai ya janye hukuncinsa ya ba da bugun gola. Tun daga nan wasa ya kuɓuce masa, domin ɗaya ɓangaren ma sun gane cewa ihu na canza hukunci.

Da aka tashi na bi shi bakin titi inda yake jiran adaidaita sahu. Hannunsa na rawa. Ya ce mini, "Baba, wannan wasana na uku ne, kuma daga shi na daina." Na tambaye shi wa ya rako shi. Babu kowa. Ya yi kwas na 'yan kwanaki, ya ci jarrabawa, an miƙa masa takarda, shi ke nan aka sallame shi.

Malam Edita, wace sana'a ce a ƙasar Hausa ake koyar da ita haka? Yaron tela sai ya gaji da guga da ɗinka maɓalli kafin maigidansa ya bar shi ya sa almakashi a shaddar mutane. Yaron mota yakan shekara da shekaru a gefen direba kafin a ba shi sitiyari a kan babbar hanya. Wanzami ba ya miƙa wa ɗansa aska ranar farko ya ce je ka gidan suna. Amma aikin da mutum ɗaya zai yanke hukunci cikin ƙiftawar ido tsakanin matasa 22 da jininsu ke tafasa, ga ɗaruruwan 'yan kallo a tsaye a kan layi, shi ne muke ɗauko yaro daga aji mu jefa shi tsakiya shi kaɗai.

Dokokin ƙwallo guda 17 ne, hukumar IFAB ce ke tsara su. Yaro mai ƙwaƙwalwa zai haddace su cikin wata guda. Zai san cewa masu tare bugun tazara sai sun ja baya mita 9.15, wurin bugun fenareti mita 11 ne daga layin raga, zai kuma iya karanto maka sharuɗɗan satar gida ba tuntuɓe. Wannan duk karatu ne, kuma ƙafa ba ta koyo daga takarda. Sai a fili ake koyon gudu a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa yadda ƙwallo za ta riƙa zama tsakaninka da mai tuta, wato mataimakin alƙali da ke bakin layi. Sai a fili ake gane cewa usur ma harshe gare shi: ƙaramar ƙeta busa gajere, mugun taku busa mai ƙarfi da kowa zai ji cewa an yi laifi babba. Haka nan sanin lokacin da za ka bar wasa ya ci gaba don wanda aka yi wa ƙeta ya amfana, da lokacin da barin zai haifar da ramuwa. Da yaron nan ya sami wanda ya taɓa gaya masa cewa in ka busa fenareti kada ka tsaya wuri ɗaya kana bayani, ka nuna wurin bugu ka ja da baya da sauri, duk wanda ya biyo ka ya nuna kansa ya sha kati, da wataƙila ba a yi masa zobe ba.

Ni na yi sa'a. Lokacin da na fara, wani dattijo cikin tsofaffin alƙalai, Allah ya jiƙansa da rahama, ya ɗauke ni tamkar ɗansa ba tare da kowa ya sa shi ba. A kan kekensa yake zuwa duk inda aka tura ni, ya jingine shi, ya tsaya kusa da kwana da ɗan littafinsa. Bai taɓa ɗaga murya ya gyara mini hukunci a gaban 'yan wasa ba, ko da kuwa ya ga na kauce. Idan aka tafi hutu zai matso ya ba ni ruwa, ya faɗi abu ɗaya tak: ka yi nisa da ƙwallo, ko kuwa lamba shida na neman faɗa, ka kira kyaftin ɗinsu. Sauran magana sai bayan magariba a teburin mai shayi, kuma ko a nan ba ya farawa da laifina. Tambaya yake yi: a minti kaza me ka gani? Daga ina kake kallo? Sai in ga da bakina na gano kuskurena.

Wata rana na ba ɗan wasa katin gargaɗi na biyu na manta ban kore shi ba, don ban rubuta na farkon da kyau ba. Na so in ɓoye a rahoto. Ya ce in rubuta yadda abin ya faru, shi zai raka ni gaban kwamiti. Ya raka ni, aka yi mini faɗa, aka hutar da ni wasa biyu, na dawo. Tun daga ranar ban sake ɗaga kati ban rubuta lamba da minti ba. Ga kuma wani amfani da ban gane ba sai daga baya: tsayuwarsa kaɗai a bakin fili kariya ce gare ni. Manyan unguwa sun san shi, masu horarwa da yawa ya taɓa yi musu alƙalanci suna yara. Mai niyyar ɗaukar dutse in ya hango furfurarsa sai ya ji nauyi.

Kowace shekara biyu muna kuka iri ɗaya. Da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta fitar da sunayen alƙalan gasar cin kofin Afirka ta 2023 da aka yi a Kodebuwa, babu ɗan Najeriya a ciki, aka yi ta surutu a rediyo. Rabon da ɗan ƙasar nan ya tsaya a tsakiyar fili da usur a wannan gasa tun Emmanuel Imiere a Masar a 2006. Alhali maƙwabciyarmu Nijar ta kai Lucien Bouchardeau gasar cin kofin duniya ta 1998, shi ya busa wasan Italiya da Chile. A gasar ce kuma Said Belqola na Maroko ya busa wasan ƙarshe tsakanin Faransa da Brazil. Gambiya, wadda yawan mutanenta bai kama ƙafar na jihar Kano ba, ta fitar da Bakary Gassama ya je kofin duniya sau uku a jere, 2014 da 2018 da 2022. Salima Mukansanga ta Ruwanda ta zama mace ta farko da ta busa wasa a kofin Afirka na maza, a Kamaru cikin Janairun 2022. Kowane ɗayansu ya taɓa zama sabon shiga mai rawar hannu. Tsani ne mai tsawo, daga gasar unguwa zuwa ta jiha, zuwa ƙananan rukunai na ƙasa, zuwa Firimiyar Najeriya, sannan bajon FIFA. Yaron da ya ajiye usur a wasansa na uku ba zai taɓa ganin mataki na biyu ba, kuma galibi masu kunya da gudun abin magana, waɗanda aikin ya fi buƙata, su ne ke fara gudu.

Abin da ke ƙara karya musu gwiwa suna ganinsa a wayoyinsu. Ni masoyin Kano Pillars ne tun ina yaro, shi ya sa abin da ya faru a filin Agege da ke Legas a watan Yunin 2019, lokacin da magoya baya suka afka fili suna farautar alƙali bayan wasa da Rangers ta Inugu, har yau yake yi mini ciwo. Idan za a bi alƙalin Firimiya da gudu ga 'yan sanda ga kyamarori, wane uba ne zai bar ɗansa ya je filin unguwa da usur?

Sai maganar kuɗi, wadda ba a son taɓawa. A gasanni da yawa ƙungiyar da ke gida ce ke miƙa wa alƙali kuɗin motarsa hannu da hannu, wani lokaci ma sai an tashi, wato sai an ga yadda sakamako ya kasance. Ta wannan ƙofa ɓarna ke shigowa. Ba wanda ke ce wa yaro ga cin hanci. Cewa ake ga na ruwa, ga na goro, kuma shi ɗalibi ne da aljihunsa ba komai. A irin wannan rana yana buƙatar babba da zai ce masa mayar musu, ni zan biya maka mota. Ƙarshen mai karɓa sananne ne. FIFA ta haramta wa Joseph Lamptey na Ghana alƙalanci har abada a 2017 saboda wasan Afirka ta Kudu da Senegal na neman gurbin kofin duniya, har sai da aka sake buga wasan. Tarbiyyar da ke hana mutum kaiwa can tun a filin toka ake yin ta.

A Ingila yaro na iya fara alƙalanci yana da shekara 14, kuma a yankuna da yawa wanda bai kai 18 ba yana ɗaura wani ƙyalle ruwan ɗorawa a damtse don kowa ya san yaro ne, a kuma haɗa shi da wanda zai riƙa zuwa kallon wasanninsa na farko. A 2023 har gwajin maƙala wa alƙalan ƙananan gasanni kyamara a ƙirji suka fara saboda cin zarafi. Kyamara ta fi ƙarfinmu a yanzu. Dattawa kuwa muna da su. Ga su nan a majalisu a Kano da Kaduna da Katsina da Bauci, tsofaffin alƙalai da suka ajiye aiki, ba wanda ke neman su sai ranar jana'izar abokin aiki.

Don haka ina kira ga Ƙungiyar Alƙalan Wasa ta Najeriya da rassanta na jihohi, da hukumomin ƙwallo na jihohi, da ita kanta hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, wadda Alhaji Ibrahim Musa Gusau ya karɓi shugabancinta a 2022: ranar da za a miƙa wa yaro takardar kammala kwas, a haɗa shi da sunan babban da zai riƙe shi, aƙalla wasanni goma na farko. A fara shi da tuta da wasannin 'yan firamare kafin a kai shi gasar da ake cin rago ko babur. Gasar Ramat da ake tara matasa a Kano duk shekara wuri ne da ya dace a zaunar da sababbi gefen tsofaffi, su busa da safe, a zauna da su da yamma. Kuɗin alƙalai a ajiye shi wurin kwamitin gasa tun kafin a take ƙwallo. Duk unguwar da aka taɓa alƙali a dakatar da gasar, a kai magana gaban mai unguwa, domin yaron nan ɗan wani ne. 'Yan matan da suka nuna sha'awa kuma a nemo musu mata da suka riga su, su je har gida su gana da iyaye, don ba uwar da za ta saki 'yarta ga mutanen da ba ta sani ba.

Kai ma, Malam Edita, da naka kason. Dokoki na canzawa. A 2025 an mayar da riƙon ƙwallo a hannun gola daƙiƙa 8, in ya wuce a ba abokan karawa bugun kwana. Tun gasar Turai ta 2024 kuma aka fara tsarin cewa kyaftin kaɗai ke tunkarar alƙali kan babban hukunci. Yaro zai busa sabuwar doka daidai, filin gaba ɗaya ya taso masa don da tsohuwar suka saba, littafin kuma da Turanci yake. Da za ku ware ɗan lungu a shafin wasanni, kowane mako a warware doka ɗaya da Hausa, gidajen rediyo su ma su ɗauka, da an rage wa yaran nan rabin zagin da suke sha.

Shi dai wancan yaro na shawo kansa da ƙyar, na je har gida na gaida mahaifinsa. Ranar Asabar da ta wuce na raka shi wasan 'yan makaranta, na tsaya kusa da kwana da ɗan littafina. Har yanzu yana nisa da ƙwallo, kuma usur ɗinsa bai da ƙarfi, amma ya ba da kati ya rubuta, bai waiwayi kowa ba. Ya ce akwai abokansa biyu da suka yi kwas tare waɗanda suka riga suka daina. Na ce ya kawo mini su ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara basira, ya bar zumunci.

Naka,
Wani tsohon alƙalin wasa, daga Kano