Wasiƙa Daga Wales

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara duka. Ya fama da ɗalibai?

Ka tambaye ni aikin da ya riƙe ni a nan Wales. Saboda fannina na dabarun koyar da harshe, an sa ni cikin masu horar da ɗaliban digirin digirgir waɗanda za su koyar da harsunan Keltik a jami'a. Harsuna shida ne: Welish, Kornish da Bretan a reshe ɗaya, sai Airish, Galik na Sikotilan da Manks a ɗaya reshen. Wasu sun kusa mutuwa aka farfaɗo da su. Mutum na ƙarshe da ya tashi da Manks a bakinsa, Ned Maddrell, ya rasu a 1974. Ko Welish da ya fi su ƙarfi, ƙidayar 2021 ta nuna masu jinsa a Wales ba su wuce 538,300 ba, gwamnati kuwa so take su kai miliyan ɗaya nan da 2050.

Abin da ke damuna shi ne sassan ƙanana ne, malamai kaɗan. Yaro ya kwashe shekaru yana nazarin tatsuniyoyin Mabinogi a Farin Littafin Rhydderch, wani tsohon rubutun hannu na Welish da ke ɗakin karatu na ƙasa a garin Aberystwyth, ranar da ya samu aiki sai a ce da safe ya koyar da tsohon Airish, da rana ya koya wa 'yan aji ɗaya gaisuwa da Welish. Sanin abu daban, iya koyar da shi daban.

Na zauna a ajin wata ɗalibarmu mai kaifin basira. Ta rubuta kalmar Welish cath a allo, wato kyanwa, sai fy nghath, kyanwata, ei gath, kyanwarsa, ei chath, kyanwarta. Harafin farko ne ke sauyawa, shi ya sa sabon ɗalibi kan buɗe ƙamus ya rasa kalmar. Nan take ta shiga tarihin yadda sauyin ya samo asali tun kafin a fara rubuta harshen. Bayanin daidai ne, amma yara sun yi tsit, babu mai rubutu. Bayan darasi muka shawarce ta ta bari su furta jimlolin da bakinsu har su zauna, tarihi ya biyo baya. Mako na gaba ajin ya cika da surutu.

Ni dai abu biyu nake nacewa a kai. Kowannensu ya koma ɗan koyo a wani harshen Keltik da bai iya ba, ya ɗanɗana kunyar yin kuskure a gaban mutane. Sannan ya je ya zauna inda ake magana da harshen a kasuwa da gida, ko yankunan Gaeltacht na yammacin Ailan, inda ake jin Airish, ko kwalejin Galik ta Sabhal Mòr Ostaig a tsibirin Skye na Sikotilan.

Kullum ina tuna ku. Mu ma haka muke jefa sabbin malaman Hausa aji, da waƙoƙin ajami a hannu ɗaya, nahawu a ɗaya. Don Allah ka rubuto mini yadda kuke shirya naku a sashenku, ina so in nuna wa abokan aikina.

Ka gaishe da mutanen gida, da Hajiya musamman.

Wassalam,
Abokinka na har kullum.