Ƙasimu Yero ya girmi Kannywood

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi gyara a kan rubutun da kuka buga na tunawa da 'yan wasan Hausa da suka riga mu gidan gaskiya. Na ji daɗin rubutun, Allah ya saka da alheri. Amma da na iso kan marigayi Ƙasimu Yero sai na tarar da layi biyu kacal: an kira shi "tsohon jarumin Kannywood", an faɗi ranar rasuwarsa, an wuce. Ranar daidai take, 3 ga Satumba 2017, a Kaduna, ana cikin hidimar Babbar Sallah, yana da shekara 70. Laƙabin ne ya tsaya mini a rai har na ɗauki alƙalami.

Ranka ya daɗe, harkar finafinan bidiyo ta Kano a 1990 ta soma, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, sunan Kannywood kuwa sai a ƙarshen shekarun 1990 aka fara jin sa. A 1990 ɗin Ƙasimu Yero ya haura shekara 40, kuma ya shekara goma ana kallon fuskarsa daga Sakkwato har Fatakwal. Jingina shi da Kannywood tamkar a dubi uba ne a ce ya yi kama da ɗansa. Ba raina masana'antar nake yi ba, ta ciyar da dubban gidaje, ta kai Hausa ƙasashen da ba mu zata ba. Sai dai yaron da ya karanta layin nan naku zai ɗauka wasan kwaikwayon Hausa da kaset ɗin bidiyo aka haife shi, alhali akwai tarihin da ya gabace shi da shekaru masu yawa.

Bazazzagi ne, haifaffen Zariya. 'Yan kudu da sunan Uncle Gaga suka san shi, saboda rawar da ya taka a Cock Crow at Dawn, wasan Turanci da gidan talabijin na ƙasa, NTA, ya shirya a Jos a farkon shekarun 1980 don jawo hankalin jama'a su koma gona. A ciki ne marigayi Sadiq Daba ya fito a matsayin Bitrus. Gaga mutum ne mai taurin kai da ƙyashi, wanda duk wani sabon abu da ya shigo ƙauye yake kallo a matsayin barazana. Ina tuna yadda manya a unguwarmu ke tsine masa in ana kallo, sati na zagayowa kuma su riga kowa zama a gaban akwati. Sa mutane su tsane ka alhali ba sa iya kau da ido daga kanka ba ƙaramin aiki ba ne, ai ba kowane ɗan wasa ke da wannan baiwar ba.

Mu kuwa a gida Karambana ne namu, wasan barkwancin da ya fito a ciki da Hausa. Gidan maƙwabcinmu kaɗai ke da talabijin a layinmu, marar launi, a fito da ita tsakar gida bayan sallar isha'i, mu yara a kan tabarma, iyayenmu mata daga baya. Sunan ya dace da halin: mutumin da ba a yin magana bai sa baki ba, ba a kawo aiki bai ce ya iya ba. Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne, mutumin da ya sa mu dariya har da riƙe ciki da Hausa shi ne dai ya sa 'yan Legas cizon yatsa da Turanci. Murya daban, tafiya daban, hatta yadda yake juya ido daban. Da aka mayar da Magana Jari Ce na Abubakar Imam wasan talabijin a Kaduna, nan ma ya fito da wata kama. Shi ya sa ni dai a wurina kalmar "jarumi" ta yi masa kaɗan. Jarumi a yau shi ne kyakkyawan saurayin da labari ke zagaye da shi. Ƙasimu Yero ɗan wasa ne, wanda ke tuɓe kansa ya sa rigar wani.

Na yi shekaru ina koyarwa a makarantar sakandare, ni ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo, don haka na san inda irin wannan ƙwarewa ke fitowa. Tsararsu daga dandamali da rediyo suka taso. A dandamali babu "tsaya a sake". In ka manta layinka, jama'a na zaune suna kallonka, dole ka san yadda za ka fita ba tare da ka kayar da abokin wasanka ba. Dole muryarka ta kai ga na layin ƙarshe ba da lasifika ba, kuma ba da ihu ba. Dole ka iya yin shiru, ka jira dariya ta lafa kafin ka jefa magana ta gaba. Rediyo kuma ta koya musu cewa da murya kaɗai ana iya nuna tsufa, ko rowa, ko sarauta. Na sha gaya wa ɗalibaina su lura da abin da Ƙasimu ke yi a lokacin da wani ke magana, domin a nan ake gane gwani: yana sauraro da dukkan jikinsa.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta wasannin Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu tun wajajen samun 'yancin kai. Umaru Ladan ya sa hannu wajen mayar da littafin Shaihu Umar wasan dandamali kafin Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Ga Usman Baba Pategi, Banufe ɗan sarauta kuma tsohon soja, wanda ya zama Samanja Mazan Fama, ya shigo da Hausar bariki cikin ɗakunanmu, shi ma Allah ya karɓi abinsa a Nuwamban 2023. Ana ta raguwa, ranka ya daɗe, kuma kowane ya tafi da abin da ke cikin kansa yake tafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne kaset-kaset ɗin da aka naɗi wasanninsu a kai. Zaren kaset ba ya jure zafi da laima, yana manne wa juna, hoton ya dushe, injinan da ke karanta irin na wancan zamani ma sun yi wuyar samu. Jikata ta tambaye ni wane ne wannan Karambana da nake yawan ambato, muka duba intanet tare, abin da muka samu guntaye ne marasa haske. Na yi ta ba ta labari da baki, amma wasan kwaikwayo ba a ba da labarinsa, gani ake yi.

Don haka roƙona biyu ne. Ku tura wakilinku gidajen talabijin da rediyo na Kaduna da Jos da Kano ya tambayo abin da ya rage a ma'ajiyarsu, da halin da yake ciki, da ko an fara juya shi zuwa kwamfuta, ku buga mana amsar da aka ba shi. Sannan ku nemi waɗanda suka yi aiki da Ƙasimu Yero da ke raye, masu ɗaukar hoto da masu shirya wasa da abokan fitowarsa, ku zauna da su da rikoda tun suna iya tunawa. In kun ware masa shafi guda a watan Satumba, ni mai saye ne, kuma zan kai wa tsofaffin ɗalibaina.

Allah ya jiƙansa da rahama, ya sa Aljanna ce makomarsa, da sauran magabatanmu baki ɗaya.

Naku a kullum,
Wani tsohon malamin makaranta, Kaduna.