Roƙon tallafi kan karnuka da kyanwowin da suka cika harabar masallaci da Islamiyyarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, 'yan'uwa masu sallah a wannan masallaci, da iyayen yaran Islamiyya. Kun saba jin mun roƙe ku kuɗin tabarmi, butoci ko gyaran rijiyar burtsatse. Yau kokenmu a kan dabbobi ne.

Duk mai fitowa sallar asuba ya san halin da bayan katangar makaranta yake ciki. Tun da bola ta taru a wurin, karnuka suka mayar da ita masauki. A damunar da ta wuce wata karya ta haihu a ƙarƙashin tarin bulon da muka ajiye don ginin aji, ba ta barin kowa ya matso, har sai da muka sauya wa ƙananan yara ƙofar shiga. Kyanwowi kuwa ba a magana. Wata safiya ladan ya tarar da kwali a bakin wurin alwala, ciki 'yan kyanwa ne da ko ido ba su buɗe ba, tururuwa ta riga ta fara hawansu. Wani ne ya ajiye su cikin dare, yana ganin masallaci ba ya rasa mai tausayi. Mun ba su madara da ɗan ƙaramin sirinji, amma ɗaya ce kawai ta rayu.

Ba mu da gidan ajiye dabbobi irin na ƙasashen Turai, harabar masallacin ce ta zama haka ba da shirinmu ba. Su ma can, a kan masu kiwo suka sa doka. A Ingila, tun 2018 duk wanda karnukansa ke haihuwa sau uku ko fiye a shekara yana sayarwa sai ya nemi lasisi, a 2020 kuma aka hana dillalai sayar da kwikwiyo ko ɗan kyanwa, sai dai a saya kai tsaye daga mai kiwo. A nan ma mun ga masu haɗa karnukan gadi barbara don sayar da 'ya'yan, wanda bai samu mai saye ba a sake shi ya kama gabansa.

Wasu sun ce a zuba guba a huta. Kwamiti bai yarda ba. Guba ba ta tantance kare da akuyar maƙwabci ko yaron da ke wasa da ƙasa, kuma muddin bola tana nan wasu karnukan za su maye gurbi. Cikin karya ko na kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, kyanwa kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Kashewa ba za ta taɓa cim ma wannan haihuwa ba. Ga kuma abin da duk muka sani na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba.

Babbar fargabarmu ita ce cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na masu mutuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'in ɗalibanmu. Da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tsira. Amma idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar tana daina yaɗuwa, kuma ruwan allurar ana sarrafa shi a nan gida, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato. Iyaye, a riƙe wannan: in kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa magani a gida.

Kuɗin da muke nema na likitan dabbobi ne, wanda zai zo ya yi allurar rigakafi, ya fiɗiye karnuka da muzurai, ya yi wa matan cikinsu aikin hana haihuwa, da allurar kashe zafi ba da dutse ko reza ba. Za mu sayi keji na kamawa da na jinya, mu biya masu kwashe bolar, mu sa ganga mai murfi. Mun kai wa liman maganar fiɗiya kafin mu yanke shawara, ya tuna mana cewa Annabi (SAW) ya yi layya da raguna biyu fiɗiyayyu, ya ce yana tare da malaman da suka halatta ta idan akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba.

Mun kuma zauna da mai unguwa, mafarauta da masu karen gadi. An amince duk mai kare ya rubuta shi a littafin unguwa, ya kawo shi allura, kuma kada wanda ya haɗa karyarsa sai ya san inda 'ya'yan za su je. Mafarauta ne suka fara cewa za su taimaka da kamu, Allah ya saka musu.

Muna so a yi aikin ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya. Ana iya ba ma'aji gudummawa bayan kowace sallar la'asar a karɓi rasit, ko a saka a akwatin da ke ƙofar mata. Mai amalanke, mai shebur, mai walda da zai haɗa mana keji, duk muna buƙatarku. Lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita za a manna shi a allon sanarwa kowace Juma'a.

Allah ya saka da alheri, ya tsare mana zuri'a.

Kwamitin Masallaci da Makarantar Islamiyya