Zuwa ga ɗana, kafin ka kafe motar ka tafi

Ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da jikokina. Mu nan Jos lafiya lau, sai sanyin asuba da ya fara shigowa.

Mahaifiyarka ta ce za ka tafi kwas na wata huɗu, za ka kafe ɗakin tafi-da-gidankan nan da kake ja zuwa gona a harabar gidanka na Kubwa, wai ka ce babu damuwa game da batirinsa tunda akwai sola a rufinsa. Maganar nan ce ta sa na ɗauki biro, don a waya ba ka barina in kai aya.

Ka tuna shekarar da na yi doguwar jinya? Akori-kurata ta yi wata uku a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, da sabon batir a cikinta. Ranar da na samu ƙarfin fita na murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Kwana biyu ina yi masa caji, da yamma ya hau, kafin gari ya waye ya zube. A ƙarshe Dilimi na kai shi, aka ɗora a sikeli aka ba ni kuɗin dalma. Ni da na ƙare rayuwata a gyaran wutar mota! Har yau abin yana yi mini ciwo.

Abin da ya kashe shi zama ne babu caji. Batirin dalma ko ba a jona masa komai ba yana zubar da cajinsa a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Idan ya daɗe a ƙasa, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantan cikinsa, kuma da zarar ya yi tauri caji ba ya narkar da shi. Mu nan tudu ne, sama da mita 1,200, sanyi yana rufa mana asiri. Ku kuwa zafin Fabrairu da Maris na Abuja zai same shi kana can.

Saboda haka kada ka ajiye shi sai ya cika maƙil. Ka cire caji, ka bar shi ya huta dare guda, sannan ka auna da mitar gwada wuta. Cikakken batir mai bolt 12 zai nuna maka 12.6 zuwa 12.8. In ka ga 12.2, rabi ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa ya fara cutuwa.

Sai ka bi ɓarayin cikin gida: rediyo, ƙararrawar tsaro, inbata da aka bari a kunne, har ɗan fitilar nan ta jikin soket. Ka yi lissafi da kanka. Abin da ke jan miliamfiya 50 kacal, a kwana ɗaya ya sha amfiya-awa 1.2, a wata 36. Batirinka mai amfiya-awa 100 kafin sati shida ya koma rabi. Ka kashe babban makunni, ka bar layin sola kaɗai.

Yanzu ga solar da ka dogara da ita. Don riƙe batirin da ba ya aiki, faifai mai wat 10 zuwa 20 ya isa, naka ma ya fi haka. Damuwata ita ce kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin faifai da batir. Faifan da ake ce wa mai bolt 12, a tsakar rana yana iya fitar da sama da 20 idan ba a jona shi da komai ba. In aka haɗa shi kai tsaye, wata da watanni zai yi ta dafa batirin har ruwansa ya ƙone. Kwantirola mai kyau tana cika shi, sannan ta sauko ta riƙe shi a wajen 13.5. Ka duba an saita ta a kan irin batirinka. In za ka kwance wayoyi, faifan za ka fara cirewa. In za ka mayar, batir ne farko. Fiyus kuma ya kasance dab da kan batir mai jar waya.

Sannan ƙura. Nan da Disamba hunturu zai lulluɓe gilashin har ka iya rubuta sunanka da yatsa, ga kashin tsuntsu, ga inuwar katangar maƙwabcinka da ke faɗowa bayan azahar. Ka ja motar zuwa inda rana ke daɗewa, kada kuma tamfol ya rufe faifan. Na taɓa ganin wanda ya yi haka da hannunsa.

Ka buɗe murafun batirin ka leƙa, ruwa ya rufe farantan. In ya ja baya, tataccen ruwa za ka ƙara, ba asid ba, ba na rijiya ba. Farin garin da ke taruwa a kawunan batir ka wanke da ruwan ɗumi da ɗan kanwa, amma ko ɗigo kada ya shiga ciki, in ya bushe ka shafa basilin. Akwatinsa ya samu iska, domin iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kama wuta; a hana yara zuwa wajen da ashana. In kuma ka canza zuwa litiyam ban sani ba, shi ba ya son zama a cike, a wajen rabi ake ajiye shi a cire komai.

Ƙaninka yana Gwarimpa, ba nisa. Ka roƙe shi duk sati biyu ya zo da sassafe, kafin rana ta hau faifan, ya goge gilashin da jiƙaƙƙen tsumma, ya auna, ya turo mini hoton mitar. Tsohuwar mitata mai ruwan ɗorawa na naɗe ta a jarida, zan ba direban da zai taho Abuja ranar Asabar, tare da dankalin da mahaifiyarka ta saya wa yara.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka