Rigar gwanjon da ta sa na buga sunana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni tela ce a nan Jidda, shekara 22 ke nan ina taka keke. Watan jiya na shiga gwanjon Sawarikh, sai idona ya faɗa kan wata doguwar riga mai ƙananan furanni shuɗaye, hannunta har wuyan hannu, an yi mata tattara a ƙugu. Na juya cikinta kamar yadda kowane tela zai yi. Ɗinkin ya miƙe sambal, kalmasar ko zare ɗaya bai tashi ba, alhali rigar ta sha jiki. A wuyanta an ɗinka suna: Laura Ashley. Riyal 10 na biya, kuma a daren nan na sa 'yata ta binciko mini ko wace ce.

Ashe 'yar yankin Wales ce a Birtaniya, an haife ta a 1925. A 1953 ita da mijinta Bernard suka fara buga zane a kan yadi a teburin kicin ɗinsu a Landan, da jarin fam 10. Kuma me suka fara fitarwa? Ɗankwali, da tawul ɗin goge kwanuka! Zanen furannin ma daga tsofaffin kayan zamanin kakanninta ta ɗauko shi. A 1960 suka koma Wales, daga baya suka kafa masana'anta a ƙauyen Carno, mutanen ƙauyen suka sami aikin yi. A shekarun 1970 dogayen rigunanta masu rufe jiki suka zama abin yayi. Ta rasu a 1985 tana da shekara 60, bayan ta faɗo daga matakalar bene, lokacin kantunanta sun haura 200. Kamfanin ya durƙushe a 2020, amma sunan bai mutu ba, wasu ma suka saye shi da kuɗinsu.

Nan ne abin ya tsaya mini a rai, Malam Edita. Shekara 9 ina ɗinka wa wani mai shago abaya. Ni ke yanka, ni ke jera duwatsu ɗaya bayan ɗaya a bakin hannu har idona ya fara yaji, musamman goman ƙarshe na azumi da ba ma runtsawa. Ya ba ni riyal 25, ya maƙala sunan shagonsa a wuya, ya sayar 300. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Alhazanmu su saya su kai Kano tsaraba, ba su san hannun Bahaushiya ne ya yi ba. Ban ɗora masa laifin duka ba, don ni ma ban taɓa tunanin sunana zai iya zama a jikin tufa ba.

Roƙona shi ne jaridarku ta riƙa kawo labarin matanmu masu ɗinki da masu saƙar hula da masu rini, na gida da na nan, da sunansu da hoton aikinsu, yadda mai saye zai neme su kai tsaye. Ni dai na bayar an buga mini lamba 200 masu sunana, kuma jiya na ɗinka ta farko a wuyan rigar jikata.

Wassalam.

Daga wata tela,
Jidda, Saudiyya